Yunwar 2005: yadda kukan talaka ya kai zauren majalisa

Tun kaka ta 2004 manoman Maraɗi, Damagaram da Tawa suka san shekara ba za ta kai su ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta cinye abin da fari ya rage. Lissafin hukuma da kansa ya nuna giɓin cimaka ya haura ton dubu 200. A cikin wannan hali ne Majalisar Dokoki, mai wakilai 113, ta amince a watan Janairun 2005 da dokar kasafin kuɗi wadda ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara, garin alkama, sukari, ruwa da wutar lantarki.

Ƙungiyoyin farar hula ba su tsaya ga ƙorafi ba. Sun haɗu cikin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa a ƙarƙashin jagorancin Nuhu Arzika. Ranar 15 ga Maris dubban jama'a suka cika titunan Yamai, bayan mako guda kuma aka rufe kasuwanni da shaguna, kowa ya zauna gida. An kama shugabannin, amma aka sake su, kuma cikin Afrilu gwamnati ta janye harajin daga madara da garin alkama.

Sai dai a karkara haraji ba shi ne babbar damuwa ba. Da bazara ta yi nisa, buhun hatsi ya kai jika 25 zuwa 30 a wasu kasuwanni, magidanta suka sayar da bisashensu a wulaƙance, mata suka koma tsintar anza da tafasa. Gwamnati ta zaɓi sayar da hatsi da rangwame, a kan hujjar cewa rabon kyauta zai ɓata kasuwa. To amma wanda ba shi da ko dala, rangwame ina zai kai shi? Wannan tambaya ce ta sake fito da jama'a a Yamai farkon watan Yuni, suna neman a raba cimaka kyauta. Rabon gama-gari bai soma ba sai a watan Agusta, lokacin da hotunan yaran Maraɗi suka riga suka gama duniya. A wannan shekara likitocin MSF kaɗai sun yi jinyar yara kimanin dubu 60 masu tamowa mai tsanani.

Gwagwarmayar ta bar gado. Kundin tsarin mulkin da aka ƙaddamar ranar 25 ga Nuwamban 2010 ya rubuta a aya ta 12 cewa kowa na da haƙƙin samun abinci mai kyau kuma isasshe. Daga nan mai neman taimako ya samu dokar da zai kafa hujja da ita gaban wakilinsa.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jingine wannan kundi, ya kuma rusa majalisar. Amma har yanzu kasafin kuɗi ne ke yanke yawan hatsin da zai shiga rumbunan OPVN, da farashin da za a sayar da shi, da wanda za a ba kyauta. Abin da 2005 ta koyar shi ne, a kai kuka tun da kaka, lokacin da ake rubuta kasafin, domin kukan da aka kai da bazara yakan tarar rumbu ya riga ya ƙare.