Guntayen gicciyen dutse da doka ke gadi a ƙauyukan Ingila

In ka shiga harabar tsohuwar coci a wani ƙauyen Ingila, sau da yawa za ka tarar da 'yan matakala biyu ko uku na dutse a tsakiyar kaburbura, da guntun ginshiƙi a bisa, gansakuka ta rufe shi. Baƙo sai ya ɗauka kufai ne. To amma gindin gicciye ne, wani ya haura shekara 600, kuma da yawansu taɓa su ba izini laifi ne.

A zamanin da aka kafa su, talaka ba ya samun dutse a kan kabarinsa. Gicciye ɗaya ne ke tsaya wa dukan mamatan gari, kuma a gindinsa jerin gwanon masu ibada ke yada zango ran Lahadin ganyen dabino. Hukumar Historic England ta ƙiyasta cewa gicciyen dutse na fili, har da na kasuwa da na bakin hanya, sun haura 12,000 a da. Yau ba su kai 2,000 ba.

Wa ya farfasa su? Galibi Kiristoci ne da kansu. A ƙarni na 16 da na 17 masu tsattsauran ra'ayi cikin 'yan Furotesta suka ce wannan bautar gumaka ce, har a 1643 majalisar dokoki ta ba da umarnin rushe su. Kawunan aka fi sarewa. Daga baya wasu ƙauyuka suka ɗora wa guntun farantin duba lokaci da inuwar rana, wai kada dutse ya tashi a banza.

Wasu sun sha da ƙyar. Na Gosforth, a yankin Kambiriya, tun ƙarni na 10 yake tsaye, siriri, ya fi mita 4. A jikinsa an sassaƙa gicciye Almasihu yadda Kiristoci suka yi imani, ga kuma allolin gargajiyar mutanen Sikandinebiya da suka zauna a wurin. Ka ga mutane ne da ƙafa ɗaya a sabon addini, ɗaya a tsoho.

Dokar 1979 ta kayan tarihi ba ruwanta da tsarkin dutse, shaidar da ke jikinsa take karewa. Shi ya sa har guntu mara kai ke shiga rajista, wani lokaci haɗe da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ko limamin cocin ne ke son gyara shi ko matsar da shi, sai gwamnati ta sa hannu tukuna.