Masu Ƙafa Takwas a Cikin Yashin Teku

Wanda ya ɗebi jiƙaƙƙen yashi a bakin teku zai ɗauka tsakuwa da ruwa kawai ke hannunsa. Alhali tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta akwai lunguna cike da ruwa, kuma cikinsu wasu halittu ke rayuwa har su mutu. Cikinsu akwai tadigired, mai ƙafa takwas, wadda yawanci tsawonta bai kai rabin milimita ba. Wani limamin coci Bajamushe, Johann Goeze, shi ya fara bayyana ta a 1773, daga baya Spallanzani na Italiya ya raɗa mata sunan da ke nufin mai tafiyar hawainiya.

Ta yi suna da taurin rai. Tana bushewa ƙamas, a zuba mata ruwa ta farfaɗo, har a 2007 an kai wasu sararin samaniya sun dawo da rai. Sai dai wannan labarin na mazauna gansakuka ne a kan tudu. Galibin na teku ba su da wannan baiwa, domin gidansu ba ya bushewa. Kuma teku ne asalin zuriyar, tun fiye da shekara miliyan 500, danginsu na kusa su ne su gizo-gizo da ƙwari da ƙaguwa.

Matsalar mazaunin yashi ita ce riƙo. Igiyar ruwa tana juya yashi dare da rana, wanda bai kama da kyau ba ya tafi. A nan ƙafa ta zama komai. Na tudu farata suke da su. Shi kuwa Batillipes, wani tadigired na teku wanda wani masani mai suna Richters ya bayyana a 1909 daga gaɓar Kiel ta Jamus, yatsu shida ne a kowace ƙafarsa, kowane yatsa da ɗan faifai mai mannewa a kai, kamar yadda tsaka ke manne wa bango. Florarctus yana da wata fata shara-shara kewaye da jiki kamar fukafukai. Tanarctus na jan wasu dogayen zaruruwa a ƙafafun baya, a wasu jinsunan har sun fi jikin tsawo. Stygarctus sulke ya sa. A ganina, duk wanda ya ga waɗannan a madubin ƙara girma zai ji na tudu sun zama kamar 'yan gida ɗaya masu anko.

Akwai kuma waɗanda suka yi kome. Kakannin Halobiotus sun bar teku, daga baya zuriyarsu ta sake komawa ruwan gishiri da faratanta na tudu.

Jinsunan tadigired da aka sani sun haura dubu, na teku kuwa ɗari biyu da 'yan kai ne. Wahalar kamu na cikin dalilan ƙarancin. Ko an girgiza yashin, Batillipes ba ya saki. Dabarar da masu bincike suka gano ita ce su zuba wa yashin ruwan daɗi na ɗan lokaci. Rashin gishiri sai ya gigita halittar ta saki ƙwayar da ta riƙe, sannan a tace ruwan da rariya mai ƙananan idanu ƙwarai, a zauna gaban madubi ana tsince su ɗaya bayan ɗaya.