Tayar Doguwar Tafiya Ko Tayar Tsere: Wacce Ta Dace Da Motarka Ta Alfarma?

Abin mamaki ne yadda ɗan boko zai kwashe watanni yana bincike kafin ya sayi Marsandi ko Lexus ko BMW, ya tambayi ƙarfin inji, ya tambayi shan mai, ya tambayi launin kujeru, amma ranar da tayoyin motar suka suɗe sai ya miƙa wa direba kuɗi ya ce a je kasuwa a sayo "mai kyau". Alhali duk nauyin motar nan da gudunta da birkinta, a kan wurare huɗu kawai suke haɗuwa da ƙasa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu bai wuce faɗin tafin hannun mutum da wani abin kirki ba. Ran mai mota da na iyalinsa a kan waɗannan tafukan huɗu suke.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da fashewar taya ke jawowa. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsa ƙirar Lexus ta fashe, kuma rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya ambaci gudu cikin musabbabin haɗarin. A watan Afrilu na shekarar, likitoci 6 daga Jihar Ekiti suka rasu a wannan hanya suna kan tafiya Sakkwato taron ƙungiyarsu, nan ma taya ce ta fashe. Saboda haka zancen taya ya fi ƙarfin a bar wa yaron shago shi kaɗai.

Wanda ya je sayen tayar motar alfarma zai tarar da gida biyu. Akwai tayar doguwar tafiya, wadda aka ƙera don laushin tafiya da rashin ƙara da daɗewa. Akwai kuma tayar tsere, wadda aka ƙera don ta damƙi kwalta a lokacin gudu da shan kwana da taka birki. Kusan kowane babban kamfani yana da duka biyun. Michelin yana da Primacy a gida na farko da Pilot Sport a na biyu, Bridgestone yana da Turanza da Potenza, Pirelli yana da Cinturato da P Zero, Goodyear kuwa EfficientGrip da Eagle F1. Mai nazarin harshe zai lura cewa sunayen gida na biyu duk kirari ne: Potenza a harshen Italiya na nufin ƙarfi, Eagle mikiya ce, F1 kuma sunan babbar gasar tseren motoci ta duniya. An zaɓi sunayen ne don su sosa wa mai kuɗi inda yake masa ƙaiƙayi, ya ji cewa motar da ta kai matsayin tasa ba ta cancanci abin da ya gaza wannan ba. A nan ne mutane da yawa suke yanke shawara da kunne, tun kafin hankali ya sa baki.

To, mene ne ainihin bambancin? Robar tayar tsere ta fi laushi, don haka ta fi manne wa kwalta, kamar yadda ɗanko ya fi katako kama yatsa. Gefenta gajere ne kuma mai tauri, ba ya lanƙwasa idan an karya kwana, shi ya sa motar ke amsa sitiyari nan take. Zanen da ke bayanta manya-manya ne, don roba mai yawa ta taɓa ƙasa. Tayar doguwar tafiya kuwa robarta ta fi jure gugar hanya, gefenta ya fi tsawo da sassauci, yana shanye gargada kafin ta iso kujera, kuma an tsara zanenta don rage ƙara da rage shan mai.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa fifikon tayar tsere na gaske ne. A kan kwalta mai kyau, motar da ke sanye da ita takan tsaya a tazara mafi gajarta idan an taka birki, kuma ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo titi, 'yan mitocin nan su ne tsakanin tsira da jana'iza. Zafi ma ba ya damunta, domin galibinsu don lokacin zafi aka yi su. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 ne ke sandarar da robarsu, wannan kuwa damuwar mutanen Turai ce. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Laushin da ya ba ta damƙa shi ne ke sa ta saurin cinyewa, taurin gefen da ya ba ta biyayya shi ne ke kai kowane rami har ƙashin bayan fasinja, kuma kuɗinta ya fi yawa.

Abin da ya kamata mai karatu ya tambayi kansa shi ne: don wace hanya aka ƙera motar, kuma a kan wace hanya take tafiya? A Jamus, inda ake ƙera Marsandi da BMW da Audi, akwai sassan manyan hanyoyi da doka ba ta ƙayyade gudu ba, shawara kawai ake bayarwa ta kilomita 130 a awa, kuma kamfanonin kan ɗaure yawancin manyan motocinsu a kan kilomita 250. Motar da za ta iya wannan gudu dole a sa mata tayar da za ta iya ɗaukarsa. A Nijeriya kuwa iyakar da doka ta yarje wa motar gida a babbar hanya ita ce kilomita 100 a awa. Wanda ya biya kuɗin tayar da za ta jure kilomita 300, ya biya kuɗin kilomita 200 da doka ta hana shi taɓawa, da ma hanyar ba za ta bar shi ba.

Ramukan hanya su ne babban alƙali a wannan shari'a, kuma lissafin yana rubuce a jikin tayar. A ɗauki lamba kamar 245/45 R18. Adadin farko faɗin tayar ne da milimita. Na biyu tsawon gefenta ne, wato kashi 45 cikin ɗari na faɗin, kimanin milimita 110. Na ƙarshe girman wili ne da inci. Mota ɗaya za ta iya zuwa da 225/55 R17, ko 245/45 R18, ko 245/35 R20, kuma tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne a duka ukun. Abin da ya sauya shi ne rabon ƙarfe da roba: gefen ta farko milimita 124 ne, ta biyu 110, ta uku 86. Wannan gefe shi ne katifar da ke tsakanin wili da bakin rami. Idan ya gajarta, rami ɗaya a cikin duhu ya isa ya matse robar a jikin ƙarfe, zaren cikinta ya tsinke, ƙullutu ya fito a gefe, ko wilin kansa ya lanƙwashe. Taya mai ƙullutu kuwa ba ta faci, ta gama aiki, ko da jiya aka saye ta. Wilin inci 20 yana da kyan gani a bakin ofis, amma a hanyar garinku ranar Sallah, shi ne zai fara ba ka kunya.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ga likita ko lauya ko ma'aikacin banki da motarsa ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis, da Kano zuwa Kaduna, da ziyarar dangi a ƙauye, tayar doguwar tafiya mai inganci ta fi dacewa, a kan wili mafi ƙanƙanta da kamfanin motar ya amince da shi. Tayar tsere ta dace da mai motar da aka ƙera don gudu tun asali, irin su Porsche ko Marsandi samfurin AMG, wanda ya san hanyoyin da yake bi, kuma aljihunsa zai ɗauki sauya taya akai-akai ba tare da ya jira ta zama santsi ba. Domin tayar tsere da ta suɗe ta fi kowace taya haɗari a damina, musamman da yake faffaɗa ce, ruwa ya fi saurin ɗaga ta daga kwalta.

Sai dai akwai sharaɗin da ba a ketarawa. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 100W. Lambar tana nuna nauyin da tayar za ta ɗauka: 91 na nufin kilo 615, 100 kuma kilo 800. Harafin yana nuna iyakar gudunta: T kilomita 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. Kamfanin motar ya rubuta abin da yake buƙata a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, da kuma littafin motar. Motocin alfarma masu nauyi ne, don haka kada a kuskura a sauka ƙasa da lambar nauyin da aka rubuta, kuma kada a sauka ƙasa da harafin gudun, domin harafin yana da alaƙa da yadda tayar ke jure zafi. Abin farin ciki shi ne manyan tayoyin doguwar tafiya suna zuwa da V da W, har da Y, saboda haka ba sai an sayi tayar tsere ba kafin a cika sharaɗin. Wasu kuma suna ɗauke da hatimin kamfanin mota, MO na Marsandi, tauraro na BMW, AO na Audi, alamar cewa an gwada su a kan motar.

Maganar zafi ba wasa ba ce ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan bayansu ya riƙa ɓarewa ana cikin gudu, kuma matsalar ta fi tsanani a jihohi masu zafi da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela. Wannan ne ya sa Amurka ta wajabta na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motoci daga 2007. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna ɗauke da maki uku: na daɗewa, na damƙa a jiƙaƙƙiyar hanya daga AA zuwa C, da na jure zafi daga A zuwa C. Mu a nan, A ya kamata a nema a na zafi. Makin daɗewa kuma zai nuna maka bambancin gidajen biyu ƙarara, domin na tayar tsere galibi yana wajen 200 zuwa 300, na doguwar tafiya kuwa yakan kai 500 ko fiye, ko da yake an fi dogara da shi wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. Tarayyar Turai ma tun 2012 ta wajabta takardar da ke nuna shan mai da riƙon jiƙaƙƙiyar hanya da ƙara.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tayar motar alfarma daga waje take zuwa, kuma tare da sabuwa ake shigo da tsohuwa wadda muke kira Beljiyam. A nan ne mai wili babba ke faɗawa tarko: sabuwar tayar tsere ta yi masa tsada, sai ya koma wa tsohuwa mai babban suna. Araha ba ta ado. A cikin irin waɗannan har da tayoyin hunturu, masu hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi don dusar ƙanƙara, robarsu kan yi laushi fiye da kima a kan kwalta mai zafi. Shekarun taya kuma ba a ɓoye suke ba. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana wayar da kai cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar ƙira, kamfani irin Michelin kuma yana cewa a riƙa kai ta a duba kowace shekara bayan ta cika 5, kuma ko yaya take kada ta wuce 10. Sabuwar tayar doguwar tafiya ta kamfani matsakaici ta fi tsohuwar tayar tsere ta kamfanin da ya fi kowa suna.

Duk wadda aka zaɓa, akwai ladubban da ba a sakaci da su. Kada a haɗa iri biyu a gaba ko a baya, ɗaya tsere ɗaya doguwar tafiya. Idan biyu kawai za a saya, a sa sababbin a baya, domin sulɓewar baya ta fi wuyar gyarawa da sitiyari. A tsaya a kan mai faci yayin da yake ɗaurawa, a tabbata kibiyar da ke gefe ta fuskanci gaba, gefen da aka rubuta don waje kuma yana waje. A auna iska da safe kafin motar ta yi tafiya, bisa adadin da ke jikin ƙofa, kada a yarda da bugun ƙafa ko "ta yi, Alhaji". Masu BMW da wasu Marsandi su tuna cewa tayar da ke tafiya bayan ta sace, kilomita 80 kawai aka yarje mata a gudun da bai wuce 80 ba, kuma irin waɗannan motoci sau da yawa ba sa zuwa da tayar ko-ta-kwana, don haka wanda ya sauya zuwa tayar gama-gari sai ya tanadi tasa. Idan zane ya sauka zuwa milimita 1.6, inda wasu 'yan tudu a cikin kwarin zanen suke daidaita da bayan tayar, to lokaci ya yi, mai hankali ma ba ya jiran hakan idan damina ta kawo kai.

Mun yi karatu don mu iya karanta abin da aka rubuta, kuma kamfanonin nan sun rubuta komai a gefen tayar. Kafin tafiya ta gaba, mai karatu ya durƙusa minti biyu a gefen motarsa ya karanta girma da nauyi da harafin gudu da shekarar ƙira, sannan ya gwada su da takardar da ke jikin ƙofa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gidajenmu lafiya.