Daga Ciniki a Ɗaki Zuwa Kanti: Lissafin Mai Tsara Kayan Ado a Maiduguri

MAIDUGURI — Matan da ke tsara sarƙoƙi da 'yan kunne da awarwaro a unguwanni irin su Ajilari sun saba sayar da kayansu a cikin gida, ko ta hannun dillalai masu zagaya gidajen biki. Wadda ta yi niyyar buɗe kanti nata na kanta za ta tarar lissafin ya sauya, domin haya da wuta da albashin yarinyar kanti ba su jiran lokacin aure.

Kasuwa dai akwai ta. A al'adar Barebari ana biyan sadaki da sulallan zinariya, kuma lefe ba ya cika sai da sarƙa da laffaya da turaren wuta da humra. Saboda haka kantin da ya haɗa waɗannan kayayyaki wuri guda ya fi saurin juya kuɗi a kan wanda ya tsaya ga kayan ado kaɗai.

Babbar matsala ita ce jari. Da dalar Amurka ake yanka farashin zinariya a duniya, a kan oza guda, watau giram 31.1. Farashin ya haura dala 2,000 a 2020, ya wuce 3,000 a watan Maris na 2025, sa'an nan ya tsallake 4,000 a watan Oktoba na shekarar. Ga kuma faɗuwar darajar Naira tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023. Ma'anar wannan ita ce, wadda ta sayar da sarƙa bashi, aka biya ta bayan wata uku, tana iya ganin riba a littafi, amma kuɗin su kasa sayo mata giram ɗin da ta fitar. A giram ya kamata a riƙa ƙidaya jari, ba a Naira ba.

Don haka ribar mai tsarawa tana cikin ladan aiki ne. Hanya mafi sauƙin haɗari ita ce karɓar tsohuwar zinariyar mai saye, a auna a gabanta, a kai wa maƙeran fari su narke, a fito da sabon zane. Sai dai a nan amana ke karyewa idan ba a rubuta awo da daraja ba: karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne zinariya, 21 kashi 87.5, shi kuwa 22 kashi 91.6. Azurfa da tsakiya da murjani ba su cin jari haka, kuma a kansu ne gwanintar hannu ta fi fitowa, kamar yadda maƙeran Agadas da masu tsakiyar gilashi na Bida suka daɗe da nunawa.

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, bisa dokar kamfanoni ta 2020, ita ke ba da damar buɗe asusun banki da sunan kanti.

Saura batun tsare dukiya. Gobarar Kasuwar Monday ta ranar 26 ga Fabrairu, 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a watan Satumba na 2024, sun cinye hajar 'yan kasuwa masu ɗimbin yawa a birnin. Zinariya tana jure wuta da ruwa, amma laffaya da turare da littafin bashi ba su jurewa, kuma kamfanin inshora ba ya biyan diyyar hajar da ba a rubuta ba.