Ibrahim El-Salahi, Mai Zanen da Ya Koma ga Allo da Gawo

Duk manomin da ke tsakanin Tawa da Damagaram ya san halin gawo. Idan damina ta sauka, itatuwa duka suka yi kore, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar matacce. Idan rani ya kama, daji ya bushe, sa'an nan ne yake fid da ganye, bisashe su sami inuwa da abinci. Geron da aka shuka ƙarƙashinsa kuwa ya kan fi na sauran gona kyau. Wannan icce yana tsirowa har bakin kogin Nilu, cikin ƙasar Sudan, inda ake ce masa haraz. A can aka haifi wani mutum wanda ya ɗauki gawo abin koyi, ya yi shekaru yana zana shi, har aikinsa ya shiga manyan gidajen nuni na duniya. Sunansa Ibrahim El-Salahi.

Ɗan malam

An haife shi ran 5 ga Satumba 1930 a Umdurman, garin da ke duban Hartum daga ƙetaren Nilu. Alhazan ƙasar Hausa na zamanin da, masu tafiya Makka a ƙasa, sun san wannan yanki sarai, har wasunsu suka zauna can, jikokinsu suna nan har yau. Mahaifin Ibrahim malami ne mai koyar da Alƙur'ani. Saboda haka abin da yaron ya fara riƙewa shi ne allo da tawada da alƙalamin kara. Mutanen Sudan su ma su kan ƙawata allon ɗalibi idan ya kai wani matsayi cikin karatu, kamar yadda ake zayyana a nan. Wannan ado ya zauna masa a ido tun yana ƙarami.

Da ya girma ya shiga sashen koyon zane na Kwalejin Gordon a Hartum. Cikin shekara ta 1954 gwamnati ta aika da shi Landan, makarantar Slade, wadda ke cikin manyan makarantun zane na Ingila. Ya yi shekara uku yana koyon dabarun Turawa: yadda ake auna jikin mutum, yadda ake nuna haske da inuwa, da yadda ake sa abu ya yi kamar yana nesa ko kusa bisa shimfiɗaɗɗen ƙyalle. A 1957 ya komo gida, shekara guda bayan Sudan ta sami mulkin kai, aka ba shi aikin koyarwa.

Ranar da jama'a suka juya baya

Bai daɗe da komowa ba ya shirya nunin aikinsa a Hartum. Ya rataye zane-zanen da ya yi bisa tsarin Landan, yana jiran yabo. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya faru: ran buɗewa mutane suka zo, suka sha lemo, suka watse, ba su kuma sake komowa ba.

Wani da sai ya ce jama'a ne ba su waye ba. Shi bai ce haka ba. Ya tambayi kansa dalilin da ya sa ƴan'uwansa ba su ga kansu cikin aikinsa ba. Ya rage zane, ya shiga yawo cikin ƙasa, yana duban abin da talakawa ke ƙawata ɗakunansu da shi. Ya tarar da rubutun Larabci a bango, da adon tabarmi da faifai da fata da ƙwarya. Abin da ya tafi nema Turai, ashe wani sashensa yana nan zauren mahaifinsa. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai ya fara sa ɗan rubutun Larabci a kusurwar zanensa, ya ga mutane suna matsowa su karanta. Daga nan ya shiga warware baƙaƙen, yana jan wutsiyar wannan, yana buɗe cikin wancan, har daga tsakaninsu siffofi suka riƙa fitowa: fuskoki masu tsawo, tsuntsaye, dabbobi, jinjirin wata. Launukansa ma ya ɗauko su daga ƙasar da yake takawa, watau ja irin na jan ƙasa, da ruwan ƙasa, da baƙi, da fari. Shi da abokan aikinsa, Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishak, su ne aka sani da sunan Makarantar Hartum.

Cikin waɗannan shekaru ya yi ayyukan da suka fid da sunansa. Akwai wanda ya yi a 1963, mai nuna jama'a ɗauke da gawa ƙarƙashin jinjirin wata, don tunawa da Patiris Lumumba na Kongo. Akwai wanda ya yi a 1964 bayan rasuwar mahaifinsa, mai ma'anar sautin ƙarshe, watau addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. An nuna aikinsa a ƙungiyar Mbari ta Ibadan, a Nijeriya. Ya kuma halarci babban bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966, da na Aljer a 1969.

Daga biro zuwa gidan kaso

El-Salahi ma'aikacin gwamnati ne kuma. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Sudan na Landan, sa'an nan ya zama babban jami'i a ma'aikatar al'adu da watsa labarai, zamanin mulkin Ja'afar Numairi. Cikin Satumba 1975 wasu sojoji suka yi ƙoƙarin juyin mulki, ba su ci nasara ba. Aka zarge shi da hannu a ciki, aka kai shi kurkukun Kobar, ya yi wata shida da ƴan kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

A can an hana ɗaurarru riƙe takarda da abin rubutu. Ya sami ɗan guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana ƙanana yana zane a kai, idan ya ji motsin masu gadi ya turbuɗe su cikin rairayi. Da yake takardun ba su da faɗi, sai ya zana ɗan abu bisa guda, ya ci gaba bisa wata, ya haɗa su. Wannan dabara ta wahala ita ce ta zama hanyar aikinsa daga baya: ya kan fara da ɗan ƙwayar zane a tsakiya, ya bar shi ya yi ta yaɗuwa kamar tsiro, ana ƙara takarda gefe da gefe.

Da aka sake shi a 1976, yana tsare a gida, ya cika wani littafi da zane da rubutu kan abin da ya gani a kurkuku. Littafin yana ajiye a babban gidan zanen zamani na birnin New York. A 1977 ya bar ƙasarsa zuwa Katar, ya yi shekaru da yawa yana aiki da baƙar tawada da farar takarda kusan kaɗai. Cikin 1984 da 1985 ya yi wani babban aiki mai sassa tara, mai nuna jama'a sun ɗaga hannu sun tashi kan zalunci. A watan Afrilu 1985 mulkin Numairi ya faɗi. A 1998 ya koma Okusfod, a Ingila, da zama.

Abin da ya ɗauki zane

Ya sha bayyana cewa ya kan yi alwala ya yi salla kafin ya kama aiki, domin a wurinsa aikin hannu da ibada ba su rabu ba. Ya kuma ce mai zane yana magana da mutum uku: da kansa, da mutanen da suka haɗa al'ada da shi, da kuma ɗan Adam ko'ina yake. Wanda ya tsallake na biyu don ya burge na uku, ya kan rasa su duka. Darasin nunin Hartum ke nan.

Wajen shekara ta 2000 ya fara jerin zane-zanen gawo. A wasu, iccen ya koma layuka miƙaƙƙu kamar shaɗarorin allo. A wasu ya yi kama da mutum tsaye. Mutanen Sudan suna da tatsuniya cewa gawo ya yi faɗa da ruwan sama, shi ya sa ba ya kore da damina. El-Salahi ya ga hoton mutumin da ba ya bin yayi, mai amfani a lokacin da sauran suka gaza.

Girmamawa ta zo masa da tsufa. A 2001 ya karɓi lambar Yarima Claus ta ƙasar Holan. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya tara ayyukansa fiye da 100, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa irin wannan nuni na dukan rayuwar aiki. Da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban manyan ƙyallaye, sai ya koma zane bisa kwalayen magani da ambulan yana zaune. An nuna irin waɗannan ƙananan ayyuka a babban nunin Venis na 2022, yana da shekara 91.

Abin lura ga Nijar

Kayan da El-Salahi ya gina aikinsa da su duka akwai su a Nijar. Akwai zayyanar allo, da zanen bangon gidajen Birnin Damagaram, da tabarmin Madawa, da aikin dukawa da maƙera da masaƙa, irin wanda ake gani a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Abin da ya kan yi ƙaranci shi ne a ɗauke su da daraja. Sau da yawa yaron da ya cika bayan littafinsa da zane tsawa yake sha wurin malamin lekol, bangon biro kuwa hoton wata ƙasa ake rataya masa.

Adanawa ma wajibi ce. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya taɓa Umdurman ƙwarai, an kuma wawashe kayan gidan tarihi na Hartum. Abin da kakanni suka bari, ba a sake ƙera shi idan ya salwanta.

Sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo, suka sa hukunci mai tsanani bisa wanda ya taɓa shi, domin sun san ranarsa tana zuwa da rani. Yaro mai baiwar hannu shi ma haka yake. Ya kamata iyaye da malamai da shugabannin ma'aikatu su bar shi ya tsira.