Mai Gadin Rumbu da ke Cikin Tsiro

Hirarmu ta yau ta shafi masu garka, musamman na Akokan da Arlit.

Kun sani ma'adinin iraniyom ya kafa Akokan. Kamfanin Cominak ya fara fid da shi a 1978, ya rufe rami a ƙarshen watan Maris na 2021. Yanzu garka ta ƙara daraja, domin tomati da salati da albasa su ne cefanen gidaje da dama. Amma ƙasar nan mai zafi ce, ga iska, ga ƙura. Sau da yawa manomi yakan ga shukarsa ta tsaya cik, ba ta mutu ba, ba ta kuwa girma. Mene ne dalili?

Tsiro shi ke dafa abincinsa. Ganye yana haɗa hasken rana da ruwa da iska, ya yi sukari. Da wannan sukari tsiro ke yin sabon ganye da saiwa da ƴaƴa. Ragowar kuma ya ajiye, kamar hatsi a rumbu, ya ci da dare.

Idan ruwa ya yanke, ko ƙura ta rufe ganye, sukari sai ya ragu. To, a cikin ƙwayoyin jikin tsiro akwai wani sinadari ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa. Masana suna ce masa SnRK1. Mu sai mu kira shi mai gadin rumbu. In sukari ya wadata, sai ya yi shiru, tsiro ya yi ta girma. In ya ragu, sai ya ba da umurni: a dakatar da girma, a buɗe ajiya, a ci da tattali. Irin wannan mai gadi yana cikin yis na burodi, yana cikin jikin mutum ma. A tsiro, masana a Ingila suka fara gano shi a 1991.

Mai gadin nan kashi uku ne a haɗe, kamar duwatsun murhu. Na farko, alfa, shi ke ba da umurni. Sauran biyun mataimaka ne masu daidaita aikinsa. Beta shi ke riƙe ƴan uwansa wuri guda, yana kuma nuna inda za a yi aiki a cikin ƙwaya. Na uku ana ce masa beta-gama, a tsiro kaɗai ake samun irinsa. In babu shi, garin fure ba ya yin aikinsa sosai, iri kuwa ba ya samuwa.

Ga misali. A 2006 masana a Jamus sun duba wata tabar daji. Da tsutsa ta fara cin ganyenta, sai tsiron ya rage wani beta a cikin ganye. Nan da nan sukari ya riƙa gangarawa saiwa, inda tsutsa ba ta kai wa. Tsiro ya ɓoye guzurinsa ke nan, don ya farfaɗo daga baya.

Saboda haka, ɗan uwa, shukar da ta tsaya tattali take yi. Kada ka ɗura mata taki, domin taki ba sukari ba ne, in ya yi yawa a busasshiyar ƙasa ma sai ya ƙone saiwa. Ga abin da ya kamata:

1. Ka yi ban ruwa da sassafe ko da marece, a kan kari.
2. Ka kafa shinge ko zana ta gefen da iska ke bugowa.
3. Ka wanke ƙurar ganye da ruwa mai tsabta.
4. Ka yi dashe da marece.
5. Ka tsinke shuka in ta cunkushe, kowace ta sami rana.
6. Kada ka fige ganye da yawa a lokaci guda.

Da ganye ya koma yin sukari, mai gadi zai sassauta, girma ya dawo.

Tambayoyin da za ku tattauna da malaminku: Da me ganye ke yin sukari? Kashi nawa ne mai gadin rumbu? Me ya sa taki kaɗai ba ya tada shukar da ta tsaya?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da amfani mai albarka.