Kafin a Kai Laftof Wurin Mai Gyara: Yadda Ake Gano Ciwonta a Gida

Magana biyu ce ta fi tayar wa mai kwamfutar tafi-da-gidanka hankali a shagon gyara. Ta farko "sai an yi mata fomat", ta biyu "bod ɗinta ya ƙone". Ta farko tana nufin duk abin da ke ciki, daga furojet ɗin makaranta zuwa hotunan biki, zai iya tafiya ba dawowa. Ta biyu kuwa kuɗi ne, wani lokaci ma har ya kusa kuɗin sayen wata. Akwai ranar da maganar gaskiya ce. Amma sau tari ciwon bai wuce caja ba, ko ƙura, ko ma'adanar da ta tsufa, kuma mai kwamfutar zai iya gane wanne ne daga ciki da kansa, a ɗakinsa, da taimakon wayar da ke hannunsa.

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun matasa na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka gama aikin ofis a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanni irin su Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja. Injuna ne masu ƙarko. Sai dai sun zo da tsohon batir, sau da yawa da cajar da ba tasu ba, sannan suka faɗo cikin zafi da ƙura da wutar da ba ta da tabbas. Mafi yawan matsalolinsu daga nan suke fitowa.

Idan ta ƙi tashi

Tambayar farko ita ce: akwai alamar rai ko babu? Kwamfutar da ba ta kunna ko fitila ɗaya, fankarta ba ta motsi, ciwonta daban. Wadda fitilunta ke ci amma allo ya yi baƙi ƙirin, ita ma nata daban. Haɗa su wuri ɗaya shi ke sa a sayi abin da bai lalace ba.

Ga wadda ba ta da alamar rai, sai a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A zare caja, a cire filash da linzami da duk abin da aka jona mata. Idan batirinta na waje ne, a cire shi. Sai a danne maɓallin kunnawa na tsawon daƙiƙa 30, a saki, a mayar da caja kaɗai, a kunna. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a bod, wadda kan sa kwamfuta ta sandare ta ƙi amsa maɓalli. Idan ta tashi da caja kaɗai amma ta ƙi da batir a jiki, to an gano mai laifi.

Idan shiru, ido ya koma kan caja. A bayan kowace caja an rubuta ƙarfinta. Na HP da Dell galibi 19.5V ne, na Lenovo 20V, sannan akwai 45W da 65W da 90W. Adadin V ɗin dole ya dace da abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar. Shi kuwa W, ba laifi idan ya fi, amma idan ya gaza sai ta riƙa caji a hankali ko ta ƙi gaba ɗaya. Masu Dell da HP su leƙa cikin bakin cajar: akwai wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane irin cajar da aka sa mata. Idan allurar ta karye ko ta lanƙwashe, kwamfuta za ta iya aiki da wuta amma batir ya ƙi cika, sai mutum ya je ya sayi sabon batir alhali nasa lafiyarsa ƙalau. Hanya mafi sauƙi ita ce a aro cajar aboki mai irin kwamfutar a gwada na minti biyar. Masu ramin USB-C kuma su sani cewa ƙaramar cajar waya ba za ta ɗauki laftof ba, ko da bakin ya shiga daidai.

Shi batir ba sai an yi hasashe a kansa ba. Windows na da rahotonsa. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta nuna inda ta ajiye rahoton. Lamba biyu ake nema a ciki: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau. Idan ta biyu ta faɗi ƙasa da rabin ta farko, babu manhajar da za ta dawo da shi, sai canji. Mai shirin sayen laftof na hannu ma ya kamata ya yi wannan gwajin a gaban mai sayarwa kafin ya miƙa kuɗi.

Batun janareto kuma, a zare caja daga soket kafin a tayar da shi, a bari muryarsa ta daidaita sannan a mayar. Haka nan idan an ɗauke wuta, gara a zare kafin a dawo da ita.

Fitila na ci, allo baƙi

A nan wayar hannu ke da amfani. A kunna tocilarta, a haska allon daga gefe, a matso da ido sosai. Idan ana hango rubutu ko hoto dishi-dishi, to kwamfutar tana aiki, hasken bayan allon ne ya mutu ko wayarsa ta saki. Wannan gyaran allo ne, bai shafi bayanan da ke ciki ba. Gwaji na biyu, a jona ta da talabijin ta wayar HDMI, a danna Windows da P. Idan hoto ya fito a talabijin, bod lafiya yake. Idan kuwa ana cikin aiki ne allon ya ɗauke, a danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za a ji ƙara kaɗan, manhajar da ke kula da hoto ta sake tashi.

Idan duk ba a ga komai ba, kuma fitilar Caps Lock tana ƙiftawa ko kwamfutar na yin ƙara a jere, saƙo take bayarwa. A ƙirga sau nawa take yi, a nemi ma'anarsa a shafin kamfanin ta waya. Sau da yawa RAM ne ya motsa daga mazauninsa, musamman ga kwamfutar da ke shan jijjiga a jaka bisa babur. A irin waɗanda murfin ƙasansu ke buɗuwa da sukundireba, sai a cire caja da batir, a buɗe ƙarafa biyun da ke riƙe da RAM ɗin, a zare shi, a mayar har sai an ji ya ce ƙas. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sababbin sirara an manne musu RAM a jikin bod, waɗannan ba a taɓa su.

HP da Dell suna da likitansu a ciki, wanda ba ya buƙatar Windows. A HP, da zarar an kunna sai a riƙa danna Esc, sannan F2. A Dell kuwa F12 ne, sai a zaɓi Diagnostics. Zai gwada RAM da ma'adana da batir ya faɗi wanda ya gaza. A ɗauki hoton sakamakon da waya.

Zafi da ƙura

Kwamfutar da ke tashi lafiya, ta yi minti ashirin ko talatin, fanka ta hau kuka, sannan ta mutu da kanta, ba bairos ke damunta ba. Kare kanta take yi. Idan zafin injin ya doshi digiri 100, sai ya rage gudu, idan abin ya ci tura ya kashe kansa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, fankar tana jawo iska mai zafi ne don ta huce abin da ya fi ta zafi. Ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta taru a bakin ƙarfen da iska ke fita, ta zama kamar auduga.

Babban abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne katifa. Ramukan shan iska a ƙasa suke, wanda ya ɗora laftof a kan katifa ko filo yana kallon fim ya toshe mata hanci. Faranti ko katako mai faɗi ya wadatar, idan aka ɗan ɗaga bayanta da littafi ma ya fi. Don share ƙura, a kashe ta, a buɗe murfin ƙasa idan yana buɗuwa, a bi fankar da busasshen burushi mai laushi. Wanda zai hura iska da bulawa ya riƙe fankar da yatsa, don juyawa da ƙarfin da ya wuce ƙima na lalata ta. Idan an share amma zafin na nan, man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi ne ya bushe. Canza shi ƙaramin aiki ne, amma wanda bai taɓa yi ba gara ya bayar a yi masa.

Saiɓi

Wannan ce matsalar da aka fi yi wa fomat ba gaira ba dalili. A danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. A kalli Memory da Disk. Idan Memory ya cika, manhajoji sun yi yawa ko RAM ya yi kaɗan. 4GB da Chrome mai shafuka goma sha a buɗe ba sa zama lafiya. A shiga sashen Startup a kashe duk abin da ba dole ne ya tashi tare da kwamfutar ba.

Idan kuwa Disk ne ke tsaye a 100% alhali ba a aikin komai, to da wuya idan ba tsohuwar ma'adana ba ce, wato HDD, mai faifan da ke juyawa a ciki. Fomat zai sa ta ɗan yi sauri na 'yan makonni, daga nan ta koma gidan jiya. Maganin shi ne a sauya ta da SSD, wadda ba ta da abin da ke motsi. Kwamfutar da ke cin minti biyu ko uku kafin ta gama tashi takan koma tashi cikin daƙiƙoƙi. Babu wani gyara da ke canza tsohuwar laftof kamar wannan, kuma SSD mai 256GB ta ishi ɗalibi. Tsohuwar ma'adanar ba a yar da ita, a saya mata gida mai wayar USB ta zama wurin ajiya.

Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke duba lafiyar ma'adana. Idan ta rubuta Caution ko Bad, ko ana jin wani ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, a ajiye duk wani gyara a fara kwashe bayanai a ranar, mafi muhimmanci da farko. Ma'adanar da ta fara wannan kukan ba ta ba da sanarwa ta biyu.

Intanet da filash

Wanda ke ba kwamfuta intanet daga hotspot ɗin waya yakan ga data ta ƙare cikin sa'a guda. Windows ce ke sauke sabuntawa a ɓoye. A shiga Settings, Network & Internet, a zaɓi sunan hotspot ɗin, a kunna Metered connection, za ta rage hannu sosai. Ba a ce a daina sabuntawa ba, a bari sai an samu Wi-Fi. Su kuwa masu Windows 10, Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman TPM 2.0, sannan idan injin Intel ne, zubi na 8 zuwa sama.

Idan intanet na aiki a waya amma kowane shafi a kwamfuta na cewa ba shi da tsaro, a dubi kwanan wata. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a bod, galibi CR2032, idan ya mutu sai kwamfuta ta koma wata shekara can baya, burauza kuma ta ƙi yarda da shafukan. Gyara agogo ya isa na ranar.

Filash ɗin da ya dawo daga shagon buga takardu duk fayilolinsa sun koma shortcut, bayanan suna nan, ɓoye su aka yi. Kada a danna ko ɗaya. A fara bincike shi da Windows Security, sannan a Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin filash ɗin.

Inda hannu zai tsaya

Batirin da ya kumbura, har ya tura wurin linzami sama ko ya buɗe gefen kwamfutar, ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da caji, domin yana iya kamawa da wuta. Idan shayi ko ruwa ya zube a madannai, a danne maɓalli a kashe ta nan take, a zare caja, a kife ta a buɗe. Kada a kunna don a ga ko tana yi, gwajin ne ke ƙona bod. Binne ta a shinkafa ba ya cire sukarin da ya shiga, sai an buɗe an wanke. Warin ƙuna da ramin caja da ya karye su ma na mai gyara ne.

Idan tafiyar ta zama dole, ko da kwamfutar ba ta tashi, bayanan na nan a ma'adana. A mafi yawan laftof ana iya zare ta a jona wa wata kwamfutar a kwashe komai, don haka mai kwamfuta ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa kada a yi fomat sai an kwashe. Idan Windows ce ta rikice, akwai Reset this PC da zaɓin Keep my files, wanda ke goge manhajoji ya bar fayiloli. Sai dai wasu kwamfutocin na kulle ma'adanarsu da BitLocker ba tare da mai su ya lura ba, kuma da an canza bod ko an zare ma'adanar sai ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Wanda ke shiga Windows da asusun Microsoft zai iya samun nasa ta waya a aka.ms/myrecoverykey. Ya duba tun kwamfutar na da lafiya, ya rubuta lambobin a takarda ya adana.